Yadda zaka saita kyamara ka ɗauki hoton kyanwa da daddare a cikin ɗaki

Duk mai kyanwa a gida ya san halinta, da rana bacci take sha, sai an yi magariba zaka ga ta miƙe ta fara bin igiya tana hawa kan kushin tana leƙo kai ta bayan labule, wato daidai lokacin da hasken rana ya tafi ba abin da ya rage sai ƙwan fitila ɗaya can a silin. To a nan ne mutum zai ɗauko kyamara ya danna, ya duba ya ga kujera ta fito tas, kafet ya fito tas, amma kan kyanwar ya yi dishi-dishi ba a gane ido ba a gane hanci, ko kuma filasha ta tashi da kanta idanun suka fito kore shar suna ƙyalli. Kyamarar lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru shine ka barta a Auto, ita kuma da ta ga duhu sai ta rage gudun shota zuwa 1/30 ko 1/15 don haske ya isheta, bata san abin da ke gabanta mai motsi bane. Duk bayanin da zan yi a nan kan abu ɗaya yake juyawa: kai zaka zaɓi gudun shota da hannunka ka riƙe shi, sauran saiti su biyo baya. Kyanwa zan riƙa ambata saboda ita ce tafi zama cikin ɗaki a gidajenmu, amma mai zomo ko aku ko ɗan kwikwiyo duk hanya ɗaya ce.

Mu fara da shota ɗin. Shi ne labulen da ke buɗewa ya rufe a cikin kyamara, lambar da kake gani kamar 1/250 tana nufin ya buɗe na kashi ɗaya cikin 250 na sakan. In kyanwa bacci take yi 1/60 ma ya isa muddin hannunka baya rawa. In a zaune take idonta biyu kar ka sauka ƙasa da 1/125, ni dai 1/160 ko 1/200 nake so, don kyanwar da kake gani kamar ta natsu kunnenta na juyawa, gashin bakinta na motsi, kuma ƙaramin juya kai da zata yi ya isa ya ɓata idon. In tana tafiya ko tana lasar jikinta 1/250. In wasa take tana tsalle tana kai wa igiya cafka to sai 1/500 zuwa sama, kuma gaskiya a hasken ƙwan ɗaki guda ɗaya 1/500 yana da wuyar samu sai ka ƙaro fitila, zamu zo wajen. 'Yan kyanwa ƙanana da tsuntsu sun fi babbar mage saurin motsi, aku ma juya kansa kawai yana buƙatar 1/250 ko fiye.

Akwai ruɗun da mutane da yawa suke yi a nan. Zaka ji an ce ai lens ɗina yana da IS ko VR ko OSS, ko kuma na ɗora kyamarar a kan ƙafarta bata motsi. Wannan duk rawar hannunka yake magancewa, baya tsayar da kyanwa. Zaka iya ɗaukar hoton kofin shayi a 1/15 ya fito garau da taimakonsa, amma dabba in ta motsa ta motsa. Ka bar shi a kunne, yana da amfani in tana bacci, amma kar ka dogara da shi.

Na biyu bakin lens, wato lambar da ke zuwa da f. Lambar in ta yi ƙasa bakin ya buɗe da yawa haske ya shiga, in ta yi sama bakin ya tsuke. A cikin ɗaki da dare buɗe shi zaka yi iyakar buɗewarsa ko kusa da haka. A nan ne matsalar lens ɗin da ake haɗowa da kyamara take, wannan 18-55mm f/3.5-5.6 da ke zuwa da yawancin ƙananan Canon da Nikon. In kana 18mm yana buɗewa har f/3.5, amma da zarar ka zuƙo zuwa 55mm sai ya tsuke ya koma f/5.6, kuma mutane zuƙowa suke yi don su cika hoton da fuskar kyanwa, basu san sun zubar da fiye da rabin haskensu ba. In shi kaɗai gareka to ka tsaya wajen 18 zuwa 24mm ka matsa da jikinka, kar dai ka matsa sosai har hancinta ya kumbura a hoton.

In kuma da hali ka nemi lens mara zuƙowa mai f/1.8, irin Canon EF 50mm f/1.8 STM ko Nikon 35mm f/1.8G DX, suna cikin mafi arha a lens ɗin kamfanonin nan kuma na hannu ma yana aiki lafiya. Bambancin f/1.8 da f/5.6 ba ƙarami bane, hasken da ke shiga ya kusa ninki goma. Bari in nuna da lissafi: a falo mai matsakaicin haske da dare, in ka sa 1/250 da f/1.8 ISO, wato lambar da ke nuna yadda kyamara ke ƙara wa hasken da ya shigo ƙarfi, zai tsaya wajen 2500 zuwa 3200, a wannan falon dai da f/5.6 sai ka kai ISO wajen 25600 kafin ka samu haske iri ɗaya, wanda tsofaffin kyamarori da dama ko lambar basu da ita. Shi ya sa nake ganin wanda yake tunanin canza kyamara gaba ɗaya saboda hoton dare gara ya fara canza lens. In ɗakinka ƙarami ne kuma kyamarar mai ƙaramin sensa ce, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a cikinta, 35mm ya fi 50mm daɗin aiki, don da 50mm zaka yi ta ja baya har ka jingina da bango.

Amma f/1.8 yana da nasa sharaɗin. Wurin da ke fitowa garau siriri ne sosai, da 50mm a tazarar mita ɗaya a kyamara mai ƙaramin sensa bai wuce santimita 3 ba, wato in fokas ya sauka a kan hanci to ido ya tafi. Ga kyanwa da sauƙi tunda fuskarta a taƙaice take, amma kare mai dogon baki sai ka ga hanci garau ido hazo-hazo. In haske ya ɗan yarda ka sa f/2.2 ko f/2.8, ko ka ja baya kaɗan ka yanke hoton daga baya, ja da baya yana faɗaɗa wurin da ke fitowa. In biyu ne kake son ɗauka tare to ka jira su jeru gefe da gefe, tazararsu da kyamara ɗaya, in ɗaya tana gaba ɗaya tana baya dole ɗaya ta sha hazo.

Sai ISO, wanda shi ne mutane suka fi tsoro, an gaya musu kar su wuce 400 ko 800 hoto zai yi yashi-yashi. Dan Allah ka cire wannan tsoron. Hoton da ya yi yashi amma idon kyanwa ya fito garau ana iya gyara shi kuma ko ba a gyara ba ana kallo a ji daɗi, musamman a waya inda yawanci za a gan shi, amma wanda motsi ya shafe ba manhajar da zata dawo maka da shi yadda yake. A ƙananan kyamarori masu ƙaramin sensa da ake kira APS-C, 1600 zuwa 3200 ba komai bane, 6400 ma ana sha. Masu babban sensa na zamani suna kai 12800 hoton ya yi kyau. Kuma wani abu da ba kowa ya lura da shi ba, yashin nan asalinsa ƙarancin haske ne ba lambar ISO ba, shi ya sa in ka matse ISO a 800 hoton ya fito da duhu sannan ka je ka ɗaga haskensa a kwamfuta, yashin da zaka gani zai kai ko ya fi wanda zaka samu da ka sa 3200 tun farko, a tsofaffin Canon ma har da wasu layuka-layuka a cikin inuwa. Ka ba hoton haskensa tun a kyamara.

Yadda zaka haɗa ukun: juya dayal zuwa M, wato saitin hannu, sa shota 1/250, buɗe lens zuwa f/1.8 ko f/2 ko iyakar abin da naka yake bayarwa, sa ISO a Auto ka iyakance masa 6400 a cikin menu. Shikenan, kai ka riƙe biyu kyamara tana wasa da na ukun. In bata motsi sosai ka sauko 1/125 zaka ga ISO ya ragu da rabi da kansa, kowane ninki a shota ninki ne a ISO. Wanda bai saba da M ba zai iya amfani da Tv a Canon ko S a Nikon da Sony, ya zaɓi shota kawai, a duhu dama kyamarar zata buɗe lens ɗin gaba ɗaya. Abin da ban so shi ne A ko Av, inda kai kake zaɓar bakin lens kyamara ta zaɓi shota, haka kawai ba tare da ka sa mata mafi ƙarancin gudun shota ba, don zata koma ta baka 1/50 ko 1/60 tana ganin ta taimakeka.

Ni kam in ɗaki ɗaya zan zauna kuma fitila bata canzawa har ISO ɗin ma da hannu nake sa shi, in gwada biyu ko uku in ga wanda ya yi in barshi, dalili kuwa launin kyanwa. Awon hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da komai tsaka-tsaki ne, ba fari ba baƙi. Baƙar kyanwa in ta cika hoton sai kyamara ta ɗauka duhu ne ta ƙara haske, gashin ya koma toka-toka kuma ISO ya hau a banza. Farar kyanwa kuma sai ta rage haske farin ya dushe ya yi datti. Maganinsa maɓallin nan mai alamar +/-, ga baƙa ka rage zuwa -0.7 ko -1, ga fara ka ƙara +0.7 ko +1 amma kana duba kar gashin ya ƙone ya zama farin fili babu zane. Wasu tsofaffin ƙananan Canon basa barin ka taɓa +/- in kana M da ISO Auto, to a nan sa ISO da hannu shine mafita. Kar ka yarda da hasken sikirin ɗin bayan kyamara a ɗaki mai duhu, yana nuna hoto ya fi yadda yake haske, ka kunna histogram, wato zanen nan mai kama da tudu da ke nuna hasken hoto, in duk tudun ya taru a hagu to hoton ya yi duhu.

Yanzu maganar da ta shafe mu kai tsaye, wato wutar lantarki. A Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru wutar 50Hz ce, irin ta Turai, Amurka kuma 60Hz. Wannan na nufin fitilu da yawa, musamman doguwar fitila irin ta da da ƙananan ƙwayayen LED masu arha, suna ƙyaftawa sau 100 a kowane sakan, ido baya gani amma kyamara tana gani. In shota ɗinka 1/50 ne ko 1/100 ya kama zagaye cikakke babu matsala, amma da ka haura 1/250 ko 1/500 sai ka ga abin mamaki, hoto ɗaya da haske na biye da duhu, ɗaya ya yi kore-kore ɗaya ya yi ja-ja alhali baka taɓa komai ba, ko kuma ratsi-ratsi a kwance sun raba hoton. Bayanai da yawa da zaka gani a intanet zasu ce ka sa 1/60 ko 1/125, wannan na masu wutar 60Hz ne, namu 1/50 da 1/100 ne.

To ga kyanwa na buƙatar 1/250 ga fitila na buƙatar 1/100, ya za a yi? Da farko ka gwada fitilar tun kafin ka kira kyanwa: saita farin bango ka ɗauki hotuna a jere a 1/500 ka duba ko haskensu ɗaya ne, ko ka ɗauki bidiyon fitilar da waya a slow motion zaka ga ƙyaftawar ɓaro-ɓaro. In tana yi, abu mafi sauƙi canza ƙwan, LED mai kyau baya yin haka sosai. In kyamararka mara madubi ce, wadda ake kira mirrorless, ka kashe shota mai shiru, wato na lantarki, ka koma na inji, don na lantarki shi ya fi haifar da ratsin nan tunda layi-layi yake karanta sensa daga sama zuwa ƙasa. Na san abin da takaici domin shirun yana da amfani wajen dabba mai tsoro, amma ratsi baya gyaruwa. Sannan ka duba menu ko akwai Anti-flicker, Canon ta fara sa shi a 7D Mark II a 2014 kuma yanzu kyamarori da yawa suna da shi, yana jinkirta ɗaukar kaɗan har sai fitila ta kai ƙololuwar haskenta. In a kan janareta kuke to ka sake gwaji, ƙaramin inji gudunsa yana hawa yana sauka da nauyin kayan da aka ɗora masa, 1/100 ɗin ma bazai zauna daidai ba koyaushe. Fitila mai caji da ke aiki da batir sau da yawa ta fi zama lafiya, sai dai wasu in ka rage musu haske suna fara ƙyaftawa, don haka ka barta a cikakken haskenta ka matsar da ita baya in ta yi yawa.

Kalar haske kuma, wato WB. Ƙwai mai ruwan ɗorawa yana wajen 2700K zuwa 3000K, farin ƙwai mai shuɗi-shuɗi da ya cika kasuwa wajen 6500K, lambar tana rubuce a kwalin ko a jikin ƙwan. In kyamararka tana karɓar lambar K ka sa wadda ta dace, in bata karɓa ka ɗauki hoton farar takarda a daidai inda kyanwar zata zauna ka yi Custom WB da ita. Babbar matsala haɗa kala biyu, farin ƙwai a silin ga mai ruwan ɗorawa a gefen gado ga talabijin na watso shuɗi, rabin fuskarta zai yi wani launi rabi wani kuma babu saitin da zai gyara duka biyun. Kashe ɗaya, kashe talabijin. Fentin bango ma yana shiga, farar kyanwa kusa da koren bango ko jan labule zata ɗebi launin a gefen jikinta, sai ka matsar da ita ko ka rataya farin zani a wajen. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara bata sarrafa ba, in kyamarar tana yi, WB a RAW ana canza shi daga baya ba tare da hoton ya lalace ba, kuma cire yashi ya fi kyau a kansa. A manhajojin gyaran hoto, Lightroom ya samu mai cire yashi da ake kira Denoise mai aiki da AI a 2023, akwai DxO PureRAW, akwai kuma darktable da RawTherapee na kyauta ga mai kwamfuta. In kalar ta ƙi gyaruwa sam ka mayar da hoton baƙi da fari, yashi ma a nan kyau yake ƙarawa gashin.

Fokas a duhu shi ma sai an taimaka masa. Sa shi a mai bin motsi, AI Servo a Canon, AF-C a Nikon da Sony, ka riƙe maɓallin rabi kana binta. A ƙananan kyamarori masu madubi ɗigon tsakiya shi ya fi gani a duhu, ka zaɓe shi shi kaɗai kar ka bar kyamara ta zaɓa maka, don zata kama hannun kujera ko zanen kafet tunda sun fi gashi bayyana. Ka ɗora ɗigon a kan idon da ya fi kusa da kai, daidai bakin ido inda launi biyu suka haɗu, in ka ɗora a kan baƙin gashi zalla lens zai yi ta kai da komowa bai kama komai ba. Masu sabbin kyamarori sun huta, Sony ta ƙara gane idon dabba a a7 III da a7R III ta hanyar sabunta manhaja a 2019, Canon R5 da R6 suka zo da shi a 2020, amma sai ka shiga menu ka canza daga mutum zuwa dabba, in ba haka ba idon ɗan Adam zata yi ta nema. Kashe ƙarar ɗit-ɗit ɗin fokas, kashe 'yar fitilar nan ja ko lemo da ke haska gaba, tana sa kyanwa ta runtse ido ko ta kau da kai. Sannan ka sa ɗauka a jere, danna ka riƙe ya ɗauki uku zuwa biyar, sau da yawa na tsakiya ne yake fitowa garau saboda na farko yana ɗauke da girgizar danna maɓalli.

Duk wannan saiti dabara ce ta lallaɓa ɗan hasken da ake da shi, amma ba wanda ya hana ka ƙara hasken. Kuma matso da fitila ya fi sayen babba, in ka rage tazarar fitila da kyanwa da rabi hasken da ke sauka a kanta ninki huɗu yake zama, wato ISO 6400 ya dawo 1600 ba ka kashe ko sisi ba. Ƙwan silin shi ne mafi muni, daga sama yake dukan kai ya bar ido a inuwa. Ka samu fitilar tebur ko mai caji ko fitilar zoben nan da masu TikTok suke amfani da ita, ka ajiye a gefe ɗan sama da kanta kaɗan, wajen mita ɗaya, ka haska farin bango ya dawo mata ko ka rataya farin ƙyalle mara kauri a tsakani don hasken ya yi laushi, in ƙwan mai zafi ne kar ƙyallen ya taɓa shi. A ɗaya gefen ka jingina farin kwali ya mayar da haske cikin inuwa. Ka duba idonta, in ka ga ɗan ɗigon haske yana ƙyalli a ciki to fitilar ta zauna daidai, kuma a irin wannan hasken mai sauƙi baƙin idon kyanwa buɗewa yake ya yi dara-dara, ka ga zoben kore ko ruwan zuma siriri a kewaye da shi da gashin baki ɗaya-ɗaya sun kama haske, wannan da rana tsaka baza ka same shi ba don a lokacin tsukewa yake ya zama tsaga. Baƙar kyanwa kuma hasken gefe ko na ɗan baya shi ke fito da sheƙin gashinta, kuma kar ka ɗora ta a kan baƙin kushin.

Filashar da ke kan kyamara kuwa ka kashe ta. A bayan idon kyanwa da kare akwai wani shimfiɗi da ke mayar da haske, shi ke taimaka musu gani da dare, in filasha ta fito daga kusa da lens hasken zai shiga ya dawo kai tsaye shi ne koren idon nan, masu shuɗin ido kuma nasu ja yake fitowa, kuma gyaran jan ido na kyamara baya aiki a kansa yadda yake yi wa mutane. Ga kuma firgita, zomo da tsuntsu musamman. In kana da filasha ta ɗorawa irin Godox mai juya kai to labari ya canza, juya kan ya kalli farin silin ko bangon bayanka, sa TTL, wato kyamara ta auna ƙarfin filashar da kanta, shota 1/160 ko 1/200 kar ya wuce iyakar da kyamarar ke haɗuwa da filasha, f/2.8 zuwa f/4, ISO 400 zuwa 800, walƙiyar kanta gajeriya ce sosai ita zata tsayar da motsin har tsalle ma, kuma matsalar ƙyaftawar ƙwai ta ragu tunda filasha ta rinjaye shi. Silin ɗin ya zama fari, in katako ne ko mai launi hoton zai ɗebi launinsa. Fara gwadawa daga nesa ka ga yadda zata yi, in ta zabura ko ta kwantar da kunnuwa baya ko ta shige ƙarƙashin gado to a haƙura da filasha, hoto bai kai a tsorata dabba ba.

Masu waya ban manta da ku ba. Night mode hotuna da yawa yake ɗauka cikin sakan biyu ko uku ya haɗe su, don haka sai kyanwa mai bacci, in ta motsa kai biyu zaka gani. Yi amfani da babbar kyamarar 1x, ita ce mai babban sensa da buɗaɗɗen baki, 2x da 0.5x a duhu rauni garesu. A Samsung da Tecno da Infinix da Redmi da yawa akwai Pro, shiga ka sa S, wato shota, a 1/100, ko 1/200 in fitilar bata ƙyaftawa, ISO 800 zuwa 1600, sama da haka ƙaramin sensan waya yana narkar da gashi ya zama kamar fenti, shi ya sa ƙarin fitila ya fi zama dole ga mai waya. Manhajar kyamarar iPhone bata baka shota da hannu, sai dai ka bar Live a kunne ka zaɓi firam mafi kyau daga baya ko ka ja maɓallin ɗauka zuwa hagu ya yi ta ɗauka a jere. Wata dabarar ka yi bidiyo a 4K ka ciro firam, kowanne wajen megafiksel 8 ne, ya isa a ɗora a status. Kuma ka goge gilashin da gefen riga kafin komai, maiƙon yatsa yana sa hasken fitila ya yi jela.

Saura ita kanta kyanwar. Ka gama duk gwajin saiti da filo ko 'yar tsana a inda kake so ta zauna, kar ka ɓata haƙurinta kana latse-latsen menu. Ka sauka ƙasa daidai tsayin idonta, ka kwanta a kafet ka kafa gwiwar hannu biyu, wannan ma yana rage rawar hannu. Lokaci mafi sauƙi bayan ta ci ta gama lasar jiki, tana nan zaune a natse bata kai ga bacci ba, a nan 1/125 yana wadatarwa. In wasa kake son ɗauka ka sa wani ya riƙe igiya a saman kanka kusa da fitila, ka jira ɗan tsayawar nan da take yi kafin ta kai cafka, ta duƙa ido ya kafe kunnuwa sun miƙe, a wannan ɗan lokacin jikinta a tsaye yake cak ko 1/200 zai kama. Motsa leda kaɗan a bayan kyamara yana sa ta juyo, amma sau biyu ko uku ne zata daina kulawa, don haka kar ka motsa sai fokas ya riga ya zauna. In zaka jawo ta da abinci ka ba ta ɗan dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya ko tsokar kaza mara yaji, kar ka ba ta tsire ko naman miya da aka sa wa albasa da tafarnuwa, su biyun nan suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa da kare. In ta fara kaɗa jela da ƙarfi ko ta juya maka baya to ta gaji, ka kashe fitilar ka barta, saitin kuma ka ajiye shi a C1 ko U1, wato wurin ajiye saiti a kan dayal, in kyamararka tana da shi, gobe da magariba juya dayal kawai zaka yi.